Dagulewar ruwa a sabon akwariyom na kifin teku

Akwariyom, wato akwatin gilashin kiwon kifin ado, yakan dagule a kwanakin farko idan na ruwan gishiri ne. Galibi ƙurar yashin da ba a wanke ba ce, ko gishirin da bai gama narkewa ba. Gishirin na musamman ne, ba na miya ba, kimanin gram 35 a kowace lita. Irin wannan dagulewa takan kwanta cikin ƴan kwanaki.

Wadda ta fi haɗari ita ce mai fari kamar madara: bakteriya ce ta yawaita, tana cinye oksijan ɗin ruwan. A ƙara iska, a jira. Kada a saka kifi sai gwaji ya nuna babu amoniya da nitirit, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6.