Maraici da Iyaye a Raye: Halin Matasan da Iyayensu Ke Shaye-Shaye a Birnin Sakkwato

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda yaro ko yarinya mai shekara 13 zuwa 19 ke rayuwa a gidan da uba ko uwa ke shaye-shaye a birnin Sakkwato. An dogara da alƙaluman hukuma da dokokin da ke aiki, aka auna su da al'adun gidan Bahaushe. An gano cewa irin wannan matashi yana ɗauke da nauyin maraya, amma ba ya samun tausayin da ake nuna wa maraya.

Gabatarwa

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tun 2000 da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Sakkwato giya ta koma ɓoye, amma wiwi da tiramol ba su buƙatar mashaya. A aljihu suke shiga gida. Jama'a kan ɗauka matsalar ta samari ce kawai, alhali rukunin masu shekara 15 zuwa 64 ɗin ya haɗa da magidanta da iyaye mata.

Yadda Matashin Ke Jurewa

Abu na farko da yaron ke koya shi ne shiru. Tarbiyya ta hore shi da kunya da rufa asirin gida, ga tsoron gorin "ɗan mashayi" a makaranta da majalisa. Tsoron budurwa ya fi haka, domin ta san dangin manemi za su binciki asali kafin a sa rana. Wannan shirun, a ganin mai nazari, ya fi talaucin gidan illa, tunda shi ke hana kawu ko malami sanin halin da ake ciki.

Bayan shiru sai ɗaukar cefane. Namiji ya shiga kabu-kabu ko dako a Babbar Kasuwa, mace ta ɗauki talla, karatu ya riƙa samun giɓi. Mafi muni shi ne aike: uba ya tura ɗansa sayo ƙwaya, yaron ya rasa yadda zai ƙi, don an koya masa girman biyayya amma ba a fayyace masa cewa ba ta shafi saɓon Allah ba. Ta nan ɗan aike ke sanin dila.

Mafakar da ta fi aiki ita ce dangi. Komawa wurin kaka ko gwaggo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma fiƙihun Malikiyya ya ba kaka ta wajen uwa matsayi babba a riƙon yaro.

Giɓin Hukumomi

Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware suna fuskantar mashayin ne. Taimakon marayu kuwa yakan tsaya ga wanda ubansa ya rasu. Jihar ta samu dokar kare yara a 2021, sai dai doka ba ta isa ga yaron da bai buɗe baki ba.

Shawarwari

Ya kamata duk lokacin da aka kwantar da magidanci a Kware a tambayi yawan 'ya'yansa da wanda ke riƙe da su. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta sa waɗannan yara cikin mabuƙata a asirce. Malaman Islamiyya da limamai kuma su bayyana wa matasa ƙarara cewa neman taimako saboda shaye-shayen mahaifi ba saɓa wa iyaye ba ne.