Lahani a Matsayin Ado: Nazarin Dabarun Sarrafa Sauti a Kiɗan Lo-fi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin na'urorin da kiɗan lo-fi ya gaji amonsa daga gare su, domin gano inda kowane lahani na sauti ya samo asali. Ra'ayinta shi ne, lahanin da ya tsiro daga jikin sautin ya fi ratsa kunne a kan wanda aka shafa masa daga baya.

Gabatarwa

Lo-fi kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, galibi bugu 70 zuwa 90 a minti, wanda ake dusasar da sautinsa da gangan. Ya bazu a duniya bayan tashar ChilledCow, wadda ta koma Lofi Girl a 2021, ta fara watsa shi dare da rana a YouTube a 2017. Tushensa kuwa yana wurin makaɗan hip-hop irin su J Dilla na Detroit da Nujabes na Tokyo. Adam Harper, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Oxford (2014), ya nuna yadda aibin ɗaukar sauti ya zama abin so a wurin masu sauraro. Abin da ya rage a tambaya shi ne yadda ake ƙera wannan aibi.

Ƙarancin na'ura

Na'urar E-mu SP-1200 ta 1987 tana ɗaukar samfurin sauti sau 26,040 a daƙiƙa da zurfin bit 12, alhali faifan CD yana ɗauka sau 44,100 da bit 16. Na'ura ba ta iya riƙe mitar da ta wuce rabin adadin samfurinta, don haka kaifin SP-1200 yana tsayawa wajen kHz 13. Kowane bit kuma yana ƙara kusan desibel 6 ga tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni, wato kusan 72 ke nan maimakon 96.

Babban abin lura shi ne daƙiƙa 10 kacal SP-1200 take iya ajiyewa. Wannan ƙunci ya sa makaɗa suka riƙa juya faifan garmaho mai gudun juyi 33 a minti a kan gudun juyi 45, su kwafe shi da sauri, sannan su mayar da shi ƙasa a cikin na'urar. Ita kuwa tana sauke murya ne ta hanyar maimaita wasu samfura ba tare da sassauta tsakaninsu ba, sai wani gurnani mai kaushi ya fito. Gurnanin yana bin kowace murya, yana sauyawa idan ta sauya. Babu wanda ya zauna ya tsara shi, larura ce ta haife shi, kuma a ganina nan ne daɗinsa yake.

Kaset da faifai

Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan gudun ya ɗan kauce, murya takan yi tangaɗi a hankali ko ta yi karkarwa da sauri. Duk wanda ya saurari rakodar da batirinta ya fara sanyi ya san wannan amo. Manhajoji irin su iZotope Vinyl (2001) da RC-20 Retro Color suna kwaikwayon tangaɗin, da shuu ɗin kaset, da ƙas-ƙas ɗin faifai, cikin latsawa ɗaya.

Matsalar tana wurin aiwatarwa. Da yawa sukan gama kiɗa tsaf, sannan su shimfiɗa ƙas-ƙas a samansa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Kunne yana saurin gane cewa abubuwa biyu ne aka ɗora, sai ya ware hayaniyar ya yi watsi da ita.

Lokacin bugu

Wannan fanni ne aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi nauyi. J Dilla, wanda ya saki kundin Donuts kwana 3 kafin rasuwarsa a Fabrairun 2006, ya yi suna da na'urar Akai MPC3000, wadda sautinta bit 16 ne, mai tsabta. Dan Charnas, a littafinsa Dilla Time (2022), ya bayyana cewa Dilla yana gwama bugu madaidaici da mai rangaji a lokaci guda, wata ganga ta riga, wata ta makara. Ashe rangajin da masu lo-fi ke kwaikwaya daga hannun makaɗi ya fito, kuma babu manhajar hayaniya da za ta samar da shi.

Jeren aiki

Daga abin da ya gabata, ina ba da shawarar a shigar da lahani tun kafin a haɗa sautuka. A sauke muryar guntun da aka yanko kafin a tace kaifinsa. A sa tangaɗi a kan piyano ko jita kaɗai, a bar bas a tsaye don kada ginshiƙin kiɗan ya karkace. Shuu da ƙas-ƙas kuma a tura su ta matsin sauti ɗaya da babbar ganga, ta yadda za su lafa idan ta buga, su taso idan ta yi shiru. Irin wannan numfashi ne ake ji a matsin Vinyl Sim na Boss SP-303, na'urar da makaɗi Madlib ya yi aiki da ita a kundin Madvillainy (2004), da na Roland SP-404 da ta biyo bayanta a 2005.