Batir na Biyu da Sana'ar Caji a Ƙasar Daura

Ƙasar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, ƙasa ce mai rairayi, shi ya sa motocin da injinsu ke juya tayoyi huɗu gaba ɗaya suka samu karɓuwa a cikinta, tun daga Land Rover da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948 har zuwa Land Cruiser da Hilux da ke ratsa ƙauyukan bakin iyakar Kongolam a yau. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da batir na dalma da ruwan asid, irin wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, mai ɗakuna shida da ke haɗuwa su ba da bolt 12.

Aikin wannan batir na asali shi ne tayar da inji, amma ƙarancin wutar lantarki ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Ko bayan kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972 ƙauyuka da dama sun daɗe babu wuta, saboda haka da batirin mota ake kunna lasifikar masallaci da talabijin, kuma daga 2001 wayar salula ta shigo sahu. A nan sana'ar masu caji ta kafu. Mai caji yakan jera batura a ƙasa, ya kwance murafunsu, ya ƙara ruwan batir, wato tataccen ruwa marar gishiri, ya kankare farin garin da ya taru a kawunansu, sannan ya maƙala musu wayoyi su kwana suna shan wuta, kowanne da alamar mai shi da aka rubuta da fenti.

Direbobi da 'yan rewaya, wato masu gyaran wutar mota, sun gane cewa wanda ya kwana yana jan wuta daga batirin inji zai wayi gari yana neman masu turi, don haka aka shiga ɗaura batir na biyu tare da na'urar da ke haɗa shi da alteneta, wato abin da ke cajin batir a mota, idan inji na aiki, ta raba su idan ya tsaya. Kuskuren da ya fi yawa a wajen zaɓin batir na biyun yake. Batirin tayar da inji farantansa sirara ne, an yi su don ba da wuta mai ƙarfi cikin daƙiƙoƙi, alhali mai doguwar zuƙa, irin wanda ake haɗawa da sola, farantansa masu kauri ne, kuma shi ma bai kamata a zuƙe shi fiye da rabi ba. Zafin bazara kuwa yana ƙafar da ruwan batir, yana rage masa kwana.

Abin da ya fi damun mai lura shi ne makomar mataccen batir, wanda 'yan gwangwan ke saye, wasu su fasa shi su tsiyayar da asid a ƙasa. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, don haka wajibi ne hukumomi da ƙungiyoyin makanikai su hana fasa batir a cikin unguwanni.