Ruwa Na Ƙasa Sai Ga Wanda Bai Tona Ba



Mu Hausawan da ke zaune a Idlès ba mu da yawa, kuma tambayar da ta fi yawo a zaurukanmu a 'yan shekarun nan ita ce ta samarinmu: ina za a dosa? Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, wani ya bi sahun masu haƙa, wani ya zuba wa teku ido, wani kuma ya naɗe hannu yana cewa babu abin yi a tsakanin duwatsun nan. A ganinmu tarihin garin nan yana da amsar da zai ba su.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, Ahaggar ƙasar makiyaya ce. Buzayen Kel Ahaggar na kiwon raƙuma da awaki, hatsi kuwa sai an kawo daga nesa. A wannan zamani ne manoma suka hauro daga Tidikelt, yankin In Salah, suka kafa gonaki a bakin kwaruruka, kuma Idlès na cikin garuruwan noma na farko. Jarinsu shi ne sanin halin ƙasa. Sun san kwarin da ido ke gani a bushe, ruwa na tafiya a ƙarƙashin rairayinsa. Sai su hau sama inda danshi ke kusa, su tona ramuka a jere, su haɗa su da hanyar da gangarenta bai kai na kwarin ba, har ruwan ya ɓullo fili da kansa ya shiga gona ba tare da guga ba. Wannan ita ce fuggara.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ambaliya takan cike ramukan, a koma a sake tono. Ƙasar kuma ta makiyaya ce, manomi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona yake samu, tsarin da bai kau ba sai bayan 'yancin Aljeriya a 1962. Duk da haka alkama da sha'ir da ɓaure suka kama, gari ya zauna.

Gonakin ba su isa ciyar da kowa ba, sai makiyayan su ma suka duba abin da ƙasarsu ta mallaka. Arewa maso gabas da mu akwai filin Amadror, inda gishiri ke kwance. Gishiri ba ya maganin yunwa, amma a kudu, a Damargu ta ƙasar Nijar, akwai gero, akwai kuma mutane da dabbobi masu bukatar gishiri. Daga ƙarshen ƙarni na 19 ayari ya riƙa haɗa wuraren biyu. Madugu da damina yake lissafin tafiyarsa: raƙuma su yi kiwo a Tamesna, a isa kasuwannin Damargu da kaka, lokacin da gero ya shigo rumbu. Da dare kuwa sama yake karantawa. Akwai jerin taurarin da Buzaye ke kira Amanar, wato jagora, kuma duk almajiri ya san Suratun Nahli ta lissafa taurari cikin alamomin gane hanya. Haka geron manoman kudu ya riƙe gidajen Ahaggar shekara da shekaru, har iyakokin da suka tsananta bayan 'yanci, da manyan motoci, da farin shekarun 1970 suka karya ayarin.

Manomin da madugun duk ba su tsinci arziki a bisa hanya ba. Kowannensu ya fara da duban abin da ke gabansa, ya gane wanda ke bukatarsa, sannan ya jure wahalar kai shi. Sha'awar sana'a daga baya take zuwa, bayan hannu ya saba kuma mutum ya ga amfaninsa ga jama'a.

To, samarinmu, ku duba abin da ke hannunku. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa da Larabci da harshen Buzaye, to yana riƙe da gishirin Amadror na zamaninsa, domin kasuwar Assihar ta Tamanrasset, inda fatake daga Aljeriya da Nijar da Mali ke haɗuwa, tana bukatar irinsa. Mai hannun gini, ko ɗinki, ko gyaran injin ban ruwa, shi ma ya samu danshin da zai tona.

Ba mu hana kowa tafiya ba, ai ayari ma tafiya ce. Sai dai madugu ya san kayan da ya ɗauka, ya san kasuwar da ya nufa da watan dawowarsa. Wanda ya tashi ba kaya ba lissafi, sau da yawa labarinsa daga Assamaka ake jin sa, inda waɗanda aka mayar ke isowa a ƙafa.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu idon basira, Ya sa albarka a abin da suka tona. Amin.