Salwa: Tsuntsuwar Japan da ta samu gida a arewacin Najeriya

Ɗan ƙaramin ƙwan nan mai dabbare-dabbare da ake sayarwa a Kano da Kaduna da Jos, asalin tsuntsuwar da ke nasa shi daga Japan take. Sunan salwa dai ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, tun da ya zo a cikin Alƙur'ani a ƙissar Banu Isra'ila, to amma irin wadda ake kiwatawa a keji yau Japanawa ne suka hore ta.

Da farko ba don ci suka ajiye ta ba. Shekaru aru-aru masu hali na ƙasar suna kiwonta ne saboda daɗin kukanta, har a yi gasa a kai. Wannan ya dace da al'adar ƙasar a lokacin, domin tun shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman wasu dabbobi, ciki har da kaji. Sai a farkon ƙarni na 20 masu kiwo suka fara zaɓen waɗanda suka fi yawan ƙwai. Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa shafe su baki ɗaya: irin masu kukan ya ɓace, kuma daga 'yan tsirarun da suka tsira aka sake gina sana'ar. Har yau birnin Toyohashi na lardin Aichi ne cibiyarta.

A shekarar 1992 ne Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ta shigo da ita Najeriya, da nufin samar wa talaka nama da ƙwai cikin rahusa. Lissafin kuwa mai jan hankali ne. Ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kwana 17 zuwa 18, saɓanin 21 na kaza. Tana fara nasa ƙwai da mako shida ko bakwai, alhali kaza sai ta kai kimanin wata biyar, kuma a shekara takan yi ƙwai fiye da 250. Ga shi ba ta cin wuri; lungu ɗaya a tsakar gida ya wadatar, abin da ya sa matan aure da dama suka rungumi kiwon.

Sai dai abin da ya fi yayata ta ba wannan ba ne. An yi ta baza labarin cewa ƙwan na warkar da ciwon suga da hawan jini da asma, har wasu suka riƙa shan sa ɗanye da sassafe. Babu hujjar likitanci da ta tabbatar da haka. Abinci ne mai gina jiki, daidai da ƙwan kaza, kuma ɗanyensa na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Haɗarin ya fi girma ga majinyacin da ya ajiye maganin asibiti ya koma kansa. A Japan kuwa, inda aka fi kowa sanin sa, akan dafa shi a tsire a tsinke, ko a ɗora shi ɗanye kan taliyarsu ta soba.