Tsadar biranen duniya: Yadda matafiyi mai ƙaramin guzuri zai auna kuɗin tafiyarsa

Yawancin masu shirin fita ƙasar waje sukan soma da tambayar kuɗin tikitin jirgi, da zarar sun ji shi kuma sai su ɗauka sun san abin da tafiyar za ta ci. Sai an sauka a birnin ake gane cewa masauki da abinci da kuɗin mota su ne ke lashe guzuri. Ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai rakiyar marar lafiya da bai yi wannan lissafin tun daga gida ba yakan wayi gari aljihu ya bushe, alhali ranar komawa ba ta zo ba.

Ga bayanin yadda ake kwatanta tsadar birane, da abin da ke sa wani birni ya fi wani cin kuɗi, da hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai bi ya yi lissafinsa.

Abin da ma'aunan tsada ke nunawa

Cibiyoyi da dama na fitar da jerin biranen duniya bisa tsadar rayuwa. A rahoton 2023 na sashen bincike na kamfanin mujallar The Economist, wanda ya auna birane 173, Singapore da Zurich ne suka zo na ɗaya tare. Geneva da New York na biye da su, sai Hong Kong. Birnin Damaskus na Siriya shi ne mafi araha, kana Tehran da Tripoli.

Kamfanin Mercer kuma ya auna birane 226 a 2024, inda Hong Kong da Singapore da Zurich suka kasance a sama, Islamabad da Legas da Abuja kuma a can ƙasa.

Ganin Abuja a ƙarshen jerin zai ba mazaunanta mamaki, domin sun san yadda kasuwa take. Dalili shi ne ana mayar da farashin kowane birni zuwa Dalar Amurka kafin a kwatanta. Da darajar Naira ta faɗi bayan an sake ta a kasuwa a watan Yunin 2023, daga kusan 460 a kan Dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, sai Abuja ta yi araha ga mai riƙe da Dala, ta kuma yi tsada ga mai karɓar albashi da Naira.

Ke nan arahar birni ta danganta da irin kuɗin da ke hannun mai tafiya. Bugu da ƙari, an tsara waɗannan rahotanni ne domin kamfanonin da ke tura ma'aikatansu zama a ƙetare, shi ya sa suke auna tufafi da kayan gida da makamantansu. Baƙon mako guda buƙatunsa daban ne.

Abubuwa huɗu na kashin yau da kullum

Mai ƙaramin guzuri yana auna birni da abu huɗu: wurin kwana, abinci sau uku, kuɗin zirga-zirga a cikin gari, da kuɗin shiga wuraren da ya je gani. Jimillarsu ita ce kashin yini guda, kuma da ita ake kwatanta birni da birni.

Idan aka auna da haka, biranen Kudu da Kudu maso Gabashin Asiya, irin su Hanoi da Kathmandu da Delhi, su ne sukan fi sauƙi. Alƙahira ma tana cikin wannan sahu. Bangkok da Kuala Lumpur da Istanbul da biranen Gabashin Turai suna tsakiya. Zurich da New York da Landan da Paris da Amsterdam da Copenhagen kuwa suna cikin masu zafi.

Masauki

Wurin kwana ne yakan ɗauki kaso mafi girma, kuma a nan ne tazarar birane ta fi fitowa fili. Kuɗin da zai kama wa mutum ɗaki nasa shi kaɗai a Hanoi ko Alƙahira ba lallai ya ishe shi gado ɗaya ba a masaukin haɗaka na Landan, inda mutum shida ko takwas ke kwana a ɗaki guda.

Dokokin gari ma suna taɓa farashi. Tun watan Satumban 2023 birnin New York ya tsaurara doka a kan bayar da hayar gidaje ta 'yan kwanaki ta manhajoji irin su Airbnb, abin da ya rage wa baƙi zaɓi.

Akwai kuma harajin baƙi, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da aka tallata. Amsterdam na karɓar kashi 12.5 cikin 100 na kuɗin ɗaki tun 2024. A Dubai ana ƙara Dirhami 7 zuwa 20 a kowane dare, gwargwadon darajar otal. Tsibirin Bali na Indonesiya ya soma karɓar Rufiya 150,000 daga kowane baƙo a Fabrairun 2024, yayin da Venice ta Italiya ta fara cajin Yuro 5 ga masu shiga su fita a yini guda, a wasu zaɓaɓɓun ranaku, daga Afrilun shekarar.

Abinci

Inda akwai al'adar cin abinci a bakin titi ko a kasuwa, matafiyi yakan tsira da kuɗinsa. Singapore misali ce mai kyau. Duk da tana sahun gaba a tsada, rumfunan sayar da abincinta, waɗanda Hukumar UNESCO ta sanya al'adarsu cikin kayan gadon duniya a 2020, suna ba mutum damar ƙoshi da kuɗi kaɗan. Haka abin yake a Bangkok da Istanbul da Alƙahira, inda kwanon koshari ke riƙe mutum tsawon yini.

A Switzerland da ƙasashen Arewacin Turai, inda ladan ma'aikata ke da yawa, cin abinci a gidan abinci sau uku a rana yana karya guzuri. Mafita a can ita ce sayen burodi da madara da 'ya'yan itace a kanti, da neman masaukin da ke da wurin girki.

Amurka tana da nata salon. Farashin da aka rubuta ba shi ake biya ba, domin ana ƙara harajin saye a wurin biya, wanda a birnin New York ya kusan kai kashi 9 cikin 100. Bayan haka akwai tukuicin mai kawo abinci, kashi 15 zuwa 20, wanda al'ada ta mayar kamar dole. A Japan kuwa ba a san da bayar da tukuici ba.

Zirga-zirga a cikin gari

A farkon 2025 tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ya koma Yuro 2.50, na New York kuma yana Dala 2.90 a shekarar. A Tokyo mafi ƙarancin kuɗin Tokyo Metro shi ne Yen 180 tun 2023. A Alƙahira, bayan ƙarin da aka yi a Agustan 2024, tafiya mafi gajarta ta zama Fam 8 na Masar, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na Dala a lokacin. Luxembourg kuwa ta mayar da motocin haya da jiragen ƙasa na gwamnati kyauta tun Maris 2020.

Wurin da baƙo ya fi yin asara shi ne tsakanin filin jirgi da cikin gari. Filin Narita yana da nisan kimanin kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo. Filin Beauvais, inda wasu jirage masu araha ke sauke masu zuwa Paris, ya kai kimanin kilomita 85. Daga Heathrow, jirgin ƙasa mai sauri ya ninka kuɗin layin Piccadilly sau da yawa, alhali dukansu cikin Landan suke kai mutum. Sanin hanyar tun kafin sauka yana hana faɗawa hannun masu tasi.

Wuraren ziyara

A nan birni mai tsada kan ba da mamaki. Shiga British Museum da National Gallery a Landan kyauta ne, haka ma gidajen tarihin Smithsonian a Washington. Jirgin ruwan da ke zuwa Staten Island daga Manhattan ba a biya, kuma daga cikinsa ana hango mutum-mutumin 'yanci.

Ƙasashe masu araha kuwa sukan ware wa baƙi nasu farashin. A Taj Mahal da ke Agra, ɗan Indiya na biyan Rufi 50, yawancin baƙi kuma Rufi 1,100, ban da ƙarin 200 ga mai son shiga hubbaren. A Istanbul, tun Janairun 2024 baƙi masu yawon buɗe ido ke biyan Yuro 25 domin shiga Hagia Sophia.

Kuɗin da ake kashewa kafin a tashi

Ga mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar, lissafi yana farawa tun daga ofishin jakadanci. Bizar Schengen ta koma Yuro 90 a watan Yunin 2024, kuma ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Neman bizar ziyara ta Amurka ya koma Dala 185 a 2023. Bizar ziyarar Birtaniya ta wata shida ta koma Fam 127 a Afrilun 2025. A kan wannan akwai ladan cibiyoyin karɓar takardu da kuɗin zuwa Abuja ko Legas. Idan aka hana bizar, kuɗin ba ya dawowa.

Saboda haka birnin da Bature ke kira mai araha, domin yana shiga ba tare da biza ba, yana iya zama mai tsada ga ɗan Afirka. A gefe guda, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga junansu har kwana 90 ba tare da biza ba, abin da ke sauƙaƙa wa ɗan Najeriya zuwa Akara ko Kwatano ko Dakar. Ruwanda ma ta buɗe ƙofarta ga 'yan Afirka. Katin rigakafin shawara na cikin takardun da ƙasashe da yawa ke nema.

Tikiti da yawan kwanaki

Biranen da suka fi arahar zama galibi su ne mafiya nisa daga Yammacin Afirka. Don haka yawan kwanakin da za a yi shi ke raba gardama.

A ɗauka, domin misali kawai, tikitin zuwa wani birni Dala 1,200 ne, kashin yini kuma Dala 35. Wani birnin kuma tikitinsa Dala 600, kashin yini Dala 80. Mai kwana 7 zai kashe Dala 1,445 a na farko, Dala 1,160 a na biyu. Mai kwana 21 kuwa zai kashe 1,935 a na farko, 2,280 a na biyu. Gajeriyar tafiya ta fi dacewa da wuri na kusa, doguwa kuma da wuri mai arahar zama.

A kuma lura cewa kamfanonin jirage masu araha suna cajin jaka da zaɓen kujera daban, har jimillar ta kusan kamo ta sauran jirage.

Canjin kuɗi

Wasu kuɗaɗen a ɗaure suke. Riyal na Saudiyya yana 3.75 a kan Dala tun 1986, Dirhamin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yana kusan 3.67, Sefa kuma 655.957 a kan Yuro. Duk lokacin da Naira ta faɗi a gaban Dala, Makka da Dubai sun ƙara tsada a take, ko da farashinsu bai motsa ba.

Wasu kuma suna yawo. A watan Maris 2024 Masar ta saki Fam ɗinta, ya tashi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan Dala. A shekarar ce Yen ya haura 160 a kan Dala, Tokyo ta yi wa baƙi sauƙin da ta daɗe ba ta yi ba. Sai dai faɗuwar kuɗi takan zo da hauhawar farashi. A Turkiyya hauhawar ta haura kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022, don haka wanda ya dogara da labarin wani da ya je shekarun baya zai sha mamaki.

Idan na'urar biyan kuɗi ta tambayi mutum ko a caje shi da kuɗin ƙasar da yake ko da wani kuɗin, zaɓen na ƙasar ya fi sauƙi. Canji a filin jirgi kuma galibi shi ne mafi muni. Wanda ya ɗauki tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 zuwa Tarayyar Turai, wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan.

Lokacin tafiya

Birni ɗaya yana da farashi biyu ko uku a shekara. Masu Umara sun san yadda otal-otal na kusa da Harami ke tashi a goman ƙarshe na Ramadan. 'Yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou sun san masauki na tsada a lokacin baje kolin Canton, wanda ake yi a Afrilu zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Turai ta fi tsada a Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba. Dubai kuwa tana sauƙi a watannin zafi, ta tashi a lokacin sanyi.

Yadda za a haɗa lissafin

A rubuta kuɗin biza da inshora da tikiti da jaka a gefe guda. A nemo farashin masauki na ainihin ranakun da za a yi, haɗe da haraji, a ƙara abinci da mota da wuraren ziyara, a ninka da yawan kwanaki. A haɗa kuɗin zuwa da komawa filin jirgi da na layin waya. Daga nan a mayar da jimillar zuwa Naira ko Sefa bisa canjin da mutum zai samu a zahiri, a ɗora wani abu a kai saboda rashin lafiya ko jinkirin jirgi.

Hausawa na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Idan lissafin bai cika ba, gara a rage kwanaki, ko a sauya wata, ko a zaɓi wani birnin, da a je a maƙale a ƙasar mutane bayan biza ta ƙare.