Francis Bebey: Marubucin Kamaru da Ya Mayar da Ɗakinsa Situdiyo

A shekarar 1974 wani babban ma'aikacin hukumar UNESCO a birnin Paris ya ajiye aikinsa. Shekarunsa 45, ga iyali, ga albashi mai tsoka da ba ya yankewa, kuma shi ke kula da harkokin kiɗa a hukumar. Ya bar wannan kujera ne don ya samu sararin yin kiɗa da rubutu kawai. Ya koma gidansa ya jera na'urorin ɗaukar sauti a ɗaki, ya kafa ɗan kamfanin faifai nasa mai suna Ozileka, ya shiga haɗa irin kiɗan da sai bayan kusan shekara arba'in duniya ta waiwaye shi da kyau. Sunansa Francis Bebey, ɗan ƙasar Kamaru.

An haife shi a Duwala ranar 15 ga Yuli, 1929, lokacin da wannan yanki na Kamaru ke hannun Faransa. Mahaifinsa fasto ne, don haka kiɗan da ya fara shiga kunnensa na coci ne, wanda Turawan mishan suka zo da shi. A makaranta da coci an koya wa yaran zamaninsa cewa kiɗan gargajiya abin baya ne, wani sa'in ma a ce na shaiɗan ne. A wajen wani dattijo maƙwabcinsu ya riƙa jin kiɗan ƙasarsa. Wannan rabuwar kunne gida biyu ita ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma kusan duk abin da ya rubuta ko ya kaɗa ƙoƙari ne na sasanta su.

A farkon shekarun 1950 ya tafi Faransa karatu. Ya yi Jami'ar Sorbonne, ya koyi aikin rediyo a Paris, ya ƙaro ilimin watsa labarai a birnin New York na Amurka. A Faransa ne ya haɗu da wani matashi ɗan garinsu, Manu Dibango, wanda daga baya ya shahara da "Soul Makossa", kuma Bebey na cikin waɗanda suka fara buɗe masa ido a kiɗan jaz. A nan kuma ya ji kiɗan Andrés Segovia, gwanin jita ɗan Sifaniya, ya duƙufa koyon jita irin ta Turai wadda ake kaɗawa ita kaɗai ba tare da rakiya ba. A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, ya yi aikin rediyo a can. A 1961 ya shiga UNESCO.

Yana can Paris siyasar gida ta taɓa danginsa. Yayansa, Dakta Marcel Bebey Eyidi, likita ne kuma ɗan majalisa. A 1962 gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta ɗaure shi tare da wasu jagororin adawa uku saboda sun ƙi yarda da tsarin jam'iyya ɗaya. Ya rasu a 1966. Francis bai koma Kamaru da zama ba. Ya ƙare rayuwarsa a Paris, yana rubuta ƙasarsa daga nesa.

Da alƙalami aka fara saninsa. Littafinsa na farko, a 1963, nazari ne kan gidajen rediyo a Afirka. A 1967 maɗaba'ar CLE ta Yawunde ta fitar da ƙagaggen labarinsa Le Fils d'Agatha Moudio, wato ɗan Agatha Moudio, wanda ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1968. Labarin wani masunci ne mai suna Mbenda a wani ƙauye kusa da Duwala. Yana son Agatha, yarinyar da gari ke zargi da rashin kamun kai, amma mahaifinsa ya bar wasiyyar ya auri 'yar amininsa, Fanny. Ya bi wasiyya ya auri Fanny, sai haihuwarta ta farko ta zamo ba tasa ba ce. Ya ƙara da Agatha, ita kuma ta haifi yaron da fatarsa ta ƙi yin duhu, domin ubansa Bature ne. Wani marubucin zai mayar da wannan labarin kuka da zubar da jini. Bebey ya ba da shi cikin raha, da bakin Mbenda kansa, har mai karatu ya yi ta dariya kafin ya farga cewa ana yi masa magana ne kan mulkin mallaka, da auren wasiyya, da tambayar wane ne uban yaro, wanda ya haifa ko wanda ya riƙa. Mai karanta littattafan Hausa ba zai ji baƙunci a cikinsa ba. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1971 cikin jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann.

Bai tsaya nan ba. Embarras et Cie na 1968 ya haɗa gajerun labarai da rubutattun waƙoƙi. La Poupée Ashanti na 1973 ya ɗauko shi ne daga zamansa a Gana, labarin matan kasuwar Akara da ƙarfinsu a siyasa. Le Roi Albert d'Effidi ya fito a 1976. A 1980 ya fitar da doguwar waƙa, Concert pour un vieux masque, a kan wani tsohon sassaƙen rufe fuska da aka raba da ƙasarsa aka kai gidan tarihi a ƙetare. Yau da ake ta jayayya kan dawo da kayan tarihin Afirka daga Turai, waƙar kamar jiya aka rubuta ta.

Littafin da ya fi taimaka wa mai son gane kiɗansa shi ne Musique de l'Afrique na 1969, wanda ya fito da Ingilishi a 1975. A ciki ya bayyana cewa kiɗa a Afirka ba ya rabuwa da rayuwa: na noma ne, na biki, na makoki, na fada, kuma kayan kiɗa da yawa magana suke kwaikwayo. Wanda ya taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum a taro ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Abin mamakin shi ne, mutumin da ya rubuta wannan littafi na kare gargajiya shi ne bayan 'yan shekaru ya sayi injin ganga da na'urar haɗa sauti mai maɓallai irin na fiyano. Ga yadda irin wannan aiki yake a wancan zamani. Mutum ɗaya zai kunna injin ganga ya ɗauka a layi guda na zaren tef. Ya mayar da zaren baya, ya saurara, ya ɗora jita a layi na biyu. Ya sake mayarwa ya ɗora murya. Idan layukan suka ƙare, sai a haɗe su wuri ɗaya don a samu sarari, kuma duk haɗewa tana rage tsabtar sauti, ba kuma a iya warware ta. Yau yaro zai yi wannan a kwamfuta ko a waya, idan ya yi kuskure ya danna maɓalli ya koma baya. A zamanin tef kuskure na iya cinye aikin yini guda. Haka Bebey ya riƙa zama ƙungiyar makaɗa shi kaɗai, ya fitar da faifai sama da ashirin.

Waƙoƙin da suka sa jama'a suka san shi a ƙasashe masu jin Faransanci na barkwanci ne, kuma hannun marubucin labari a fili yake a cikinsu. A "Agatha" ya dawo da labarin littafinsa: miji yana tuhumar matarsa kan launin jaririnsu. A "La Condition masculine" wani magidanci ne ke kuka cewa matarsa ta canza tun da ta ji zancen 'yancin mata. Yana ta kare kansa, amma duk kalmar da ya furta ƙara tona masa asiri take yi. Bebey ba ya rera irin waɗannan sosai, faɗarsu yake yi kamar mai hira a dandali, da Faransancin titin Duwala. A 1977 ƙungiyar SACEM ta mawaƙan Faransa ta ba shi kyautar waƙa.

A farkon shekarun 1980 ya ƙara nutsawa. Ya ɗauko sanza, ɗan akwatin katako mai jerin siraran ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu, ya sa ta a gaba, na'ura na bin ta a baya. Ya kuma koyi busa wata 'yar sarewa ta mutanen dajin tsakiyar Afirka da ake kira Pigmi. Sarewar sauti ɗaya tak take fitarwa. Mai busa shi ke cike sauran da muryarsa: ya hura, ya rera, ya hura, ya rera, da sauri har kunne ya ji kamar abu ɗaya ne. Wannan dabara ce ke cikin "The Coffee Cola Song".

A nan ne tarihinsa ya taɓo muhawarar da muka daɗe muna yi. Tun da fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano a shekarun 1990, ake kukan cewa ya kashe kalangu da gurmi da kukuma. Kukan yana da tushe, domin abin da aka fi yi shi ne a nemi sautin da ya yi kama da na ganga a cikin fiyano, a sallami makaɗin. Bebey ya bi wata hanya. Ya fara sanin kayan kiɗan, ya yi bincike a kansu, ya koyi kaɗa su da hannunsa, sannan ya kawo na'ura ta yi musu rakiya. Ba shi kaɗai ya gwada sabon abu a lokacin ba. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan na lantarki a 1978, yana juya karin gargajiyar Nijar a kan maɓallai, kuma shi ma sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da aikin ga duniya.

Bebey ya ci gaba da rubutu har tsufa. Le Ministre et le Griot, labarin minista da maroƙi, ya fito a 1992, L'Enfant-pluie kuma a 1994. Ya rasu a Paris ranar 28 ga Mayu, 2001, yana da shekara 71.

Bayan rasuwarsa ne faifan da ya haɗa a ɗaki suka samu sababbin masu sauraro. Kamfanin Born Bad na Paris ya tattara wasu ya fitar da African Electronic Music 1975–1982, sannan Psychedelic Sanza 1982–1984 a 2014. A 2016 'yarsa Kidi Bebey ta rubuta labarin iyalinsu a littafin Mon royaume pour une guitare. A 2017 ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta ɗauko karin sarewar "The Coffee Cola Song" ta sa a waƙarta "Everything Now", kuma ɗansa Patrick Bebey ne ya busa musu. Ranar 15 ga Yuli, 2024, Google ya sa zanensa a shafinsa na farko don cikarsa shekara 95 da haihuwa.

Akwai abin dubawa a yadda wannan farfaɗowa ta zo. Daga Paris ta taso, kamar yadda ta Mamman Sani ta taso daga Amurka. Waɗanda suka tono faifan, suka gyara sautin, suka sayar, ba a Duwala ko Yamai suke ba. Mu ma muna da kaset-kaset na shekarun 1970 da 1980 jibge a gidajen rediyo da shagunan tsofaffin masu sayar da kaset, zafi da ƙura na cinsu a hankali.

Wanda bai taɓa jin Bebey ba ya fara da "The Coffee Cola Song", ya bi da "Sanza Tristesse", ya sa abin ji a kunne don ya rarrabe layukan da mutum ɗaya ya ɗora bisa juna. Bayan nan ya nemi labarin Mbenda da matansa biyu ya karanta.